Shirin Jarrabawar Ingilishi ga Yaranmu Masu Ƙetare Iyaka

Jawabin da magatakardan ƙungiya ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, a Maraɗi

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayen ƙungiya, dattawanmu alhazai, iyayenmu mata hajiyoyi, malamanmu, ƴan'uwana ƴan kasuwa da direbobi da dillalai, da baƙinmu da suka taso daga Katsina da Kano da Damagaram da Konni, ina yi wa kowa barka da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya maida kowa gidansa lafiya.

Shugaba ya umarce ni in yi magana a kan wata matsala da take yawan zuwa teburin ofis, in ka cire takardun duwan da na mota. Matsalar ita ce ta yaranmu da ƙannenmu da muke turawa Najeriya ko Gana, wasu ma har gaba, karatu ko neman aiki, su isa can suna baƙi, sai a ce musu ba za a karɓe su ba sai sun ci jarrabawar Ingilishi. Uba ya riga ya biya kuɗin mota da na ɗaki da na abinci, yaro kuma yana zaune. Wani ya shiga jarrabawar ba shiri ya faɗi, kuɗi sun tafi, shekara ta tafi. Ni ba malamin Ingilishi ba ne, magatakarda ne. Abin da zan faɗa na tattaro shi daga takardun makarantu da na masu shirya jarrabawa waɗanda kuke kawo mini in karanta muku.

Koyon harshen baƙi ba sabon abu ba ne ga ɗan kasuwar ƙasar Hausa. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja da Salaga sun iya harsunan mutanen hanya, don wanda bai jin abin da ake faɗa a gabansa, a gabansa za a sayar da shi. Bambancin da da yanzu shi ne, da baki kawai ake nema, yanzu kuwa har da takardar shaida. Ku duba kuma inda duniya ta dosa. Kundin da ake tafiyar da ƙasarmu da shi tun watan Maris na 2025 ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021, kuma hedikwatarta tana Akara. Albasar Galmi da muke kaiwa Gana, da hatsin da muke ɗaukowa a Dawanau, da atamfar Kantin Kwari, duk takardunsu na can da Ingilishi suke. Saboda haka wannan magana ta shafi aljihun kowa a nan, ko yana da ɗa a makaranta ko ba shi da shi.

Abu na farko da nake so mu gane, Ingilishi iri uku ne a wajen yaranmu. Akwai Buroka, Turancin tasha da kasuwa, wanda direbobinmu suka ƙware a kai, kuma yana biyan buƙata a hanya. Akwai Ingilishin lakwal, wanda yaro yake farawa daga ajin farko na kwaleji, ƴan awoyi kaɗan a mako, ya iya nahawu a takarda amma bakinsa a ɗaure. Sannan akwai Ingilishin jarrabawa, wanda ake so mutum ya ji, ya karanta, ya rubuta, ya faɗa, duka huɗu, kuma agogo yana tafiya. Sau da yawa uba yakan ce mini, ai yarona ya iya Turanci, shi yake yi mini ciniki a Legas. Alhaji, da girmanka, wannan daban, wancan daban. Mai Buroka yana da kunne da ƙarfin hali, amma in ya rubuta yadda yake magana zai faɗi. Mai BAC yana da nahawu, amma in aka yi masa magana da sauri sai ya tsaya yana fassarawa zuwa Faransanci a cikin kansa, kafin ya gama an wuce shi. Kowanne da maganinsa.

Abu na biyu, kafin a kashe ko dala ɗaya, a san wace jarrabawa ake nema. Matambayi ba ya ɓata. A sa makarantar ko ma'aikatar ta faɗa a rubuce: wace jarrabawa, maki nawa, kuma zuwa wace rana.

In yaro zai shiga jami'a a Najeriya ta hanyar da ƴan ƙasa suke bi, zai gamu da WAEC ko NECO, sannan JAMB. WAEC an kafa ta a 1952, kuma ƙasa biyar ne suke cikinta: Najeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Makinta yana tashi daga A1 ya sauka zuwa F9. Abin da suke kira kiredit yana tsayawa a C6. D7 da E8 ba a faɗi ba, amma ba su buɗe ƙofar jami'a. Ana neman kiredit biyar, kuma Ingilishi dole ne a cikinsu. JAMB kuwa, wadda aka kafa a 1978, da kwamfuta ake yin jarrabawarta, darasi huɗu, jimillar maki 400, Ingilishi wajibi ne ga kowa ko me zai karanta. Tambayoyin Ingilishi 60 ne, sauran darussan 40-40, duka cikin awa 2. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya fara koyon wannan tun kafin ya fara hadda.

In Gana ce, makarantu da dama suna sa ɗalibin da ya fito daga ƙasar Faransanci ya yi kwas ɗin Ingilishi tukuna, ko ya kawo shaidar ya iya. Akwai makarantar koyon harsuna ta gwamnatin Gana wadda aka kafa a 1961 zamanin Nkrumah, akwai kuma masu zaman kansu barkatai. Kafin a biya kowace, a tambayi jami'ar da yaro zai shiga ko tana karɓar takardar wannan makarantar. Araha ba ta ado.

In kuwa tafiyar ta Ingila ce ko Kanada ko Ostareliya ko Amurka, to yawanci IELTS ko TOEFL za a nema. TOEFL ta Amurkawa ce, an fara ta a 1964. IELTS an fara ta a 1989, kuma ita aka fi kawo mini tambaya a kanta, don haka bari in buɗe ta ku ga cikinta.

IELTS iri biyu ce: ta masu neman jami'a, da ta masu neman aiki ko zama. Wanda ya rubuta wadda ba ita aka nema ba, ya yi asarar kuɗinsa ko da ya ci. Kashi huɗu gare ta. Na farko saurare: kimanin minti 30, tambaya 40, kuma sau ɗaya tak ake kunna maganar, ba maimaitawa. Muryoyin kuma ba na ƴan Najeriya ko ƴan Gana ba ne, na Ingila ne da Ostareliya da Amurka. Na biyu karatu: minti 60, tambaya 40. Na uku rubutu: minti 60, aiki biyu, na farko kalma 150 a ƙalla, na biyu kalma 250 a ƙalla, kuma na biyun ya ninka na farko a maki, shi ya sa ake ba shi minti 40, na farkon minti 20. Na huɗu magana: minti 11 zuwa 14, kai da mai jarrabawa, ana naɗar muryarka. A tsakiya zai ba ka wani batu a rubuce, ya ba ka minti 1 ka shirya, sannan ka yi magana kai kaɗai har kusan minti 2.

Maki yana tashi har zuwa 9, ana kuma ba da rabi, kamar 5.5 ko 6.5. Babu ci babu faɗuwa a wajen masu jarrabawar, wanda zai karɓe ka shi yake yanka makin da yake so. Jami'o'in Ingila da yawa suna neman 6 ko 6.5 ga mai digirin farko, kuma sukan sa sharaɗin kada wani kashi ya yi ƙasa da wani maki. A saurare, wanda ya ci kimanin 23 cikin 40 yana wajen 6, wanda ya ci kimanin 30 yana wajen 7. Kun ga tambaya bakwai ce tsakanin mai tafiya da mai zama. Ba a rage maki don amsar da ba daidai ba, saboda haka kada yaro ya bar gurbi ko ɗaya ba komai. Sakamakon kuma shekara 2 ake karɓarsa. Wanda ya yi ta tun kuɗin tafiya ba su haɗu ba, tana iya mutuwa a hannunsa. Ana yin ta a Kano da Abuja da Legas, ana yin ta a Akara. Kuɗinta suna canzawa, a duba a shafin masu ita, kada a ji a bakin dillali.

Abu na uku, akwai ramukan da mu musamman muke faɗawa, mu da Hausa take bakinmu Faransanci yake alƙalaminmu.

Ramin farko sunayen haruffa. A saurare sukan faɗi sunan mutum ko na titi harafi bayan harafi, a ce ka rubuta. Harafin da Bafaranshe yake kira "i", Ba'ingilishe in ya ce "i" harafin E yake nufi. G da J kuma kusan musanya suna suka yi tsakanin harsunan biyu. Yaro ya zauna ya sake koyon abacada da Ingilishi kamar ɗan aji ɗaya, ba abin kunya ba ne.

Rami na biyu lambobi, kuma wannan ya shafi har mu manya. Thirteen da thirty, wato 13 da 30, fifteen da fifty, wato 15 da 50, a kunnen baƙo kusan ɗaya suke. Sannan waƙafi da ɗigo. Mu a lakwal in muka rubuta 1,5 ɗaya da rabi ke nan. Su ɗaya da rabi 1.5 ne, waƙafi kuwa dubbai suke rabawa da shi, 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar. Wanda ya taɓa karɓar rasit a Kano ya san abin da nake faɗa.

Rami na uku kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'ana ta bambanta. Library ba kantin sayar da littattafai ba ne, ɗakin karatu ne. Magazine ba shago ba ne, mujalla ce. Actually ba ta nufin yanzu, tana nufin a gaskiya. Faransanci yana taimakon yaranmu ƙwarai a karatu, don dubban kalmomin Ingilishi daga can suka fito, amma sai an yi hattara da waɗannan.

Rami na huɗu lafazi. Bahaushe yakan haɗa P da F, ɗan lakwal kuma yakan haɗiye H a farkon kalma. Masu jarrabawa ba su neman ka koma Bature, abin da suke aunawa shi ne ko ana gane ka ba tare da wahala ba. Amma in ka so ka ce pan ka ce fan, ka canza kalma ke nan. Yaro ya naɗi muryarsa a waya, ya saurara, ya gyara. Kuskuren haruffa a rubutu shi ma yana cin maki. Sunan wata da na rana a Ingilishi da babban harafi ake fara su, saɓanin yadda aka koya mana.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi damuna, kuma alherinmu ne ya zama mana tarko. Yaronmu in ya sauka Kano, daga tasha har masauki har masallaci Hausa zai ji. In ya sauka Akara, Nima ko Sabon Zango zai nufa, in Kumasi ce zango zai shiga, a hannun mai masaukin babansa. Kowa zai karɓe shi da Hausa, a ba shi tuwo, a ba shi tabarma. Wannan ni'ima ce, Allah ya saka wa mutanenmu na zango. Amma yaro yana iya shekara guda cur a ƙasar Ingilishi bai buƙaci jimla goma ta Ingilishi ba. Uba yana gida yana cewa yaro yana Gana yana shan Turanci, alhali hirar shayi yake da ƴan garinsu. Zama a bakin kogi ba ya koya wa mutum iyo.

Don haka ga abin da nake ba baƙo shawara ya yi daga makon da ya sauka.

Ya fara da gwajin kansa. Masu IELTS suna sa samfurin tambayoyi kyauta a intanet, tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB kuma ana sayar da su a kasuwa. Ya zauna da agogo ya yi ɗaya cikakkiya, don ya san inda yake. Wanda ya samu 12 cikin 40 kada ya biya kuɗin jarrabawar wata mai zuwa, watanni yake buƙata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya yanka wa kansa awa biyu kullum, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan isha'i. Awa biyu kullum ta fi awa goma sha huɗu ranar Lahadi.

Kunne: ya saurari labarai da Hausa a rediyo, sannan ya saurari labaran wannan ranar da Ingilishi. Tun da ya riga ya san abin da ya faru, kalmomin za su riƙa zama da kansu. Bayan wata ɗaya ya juya, ya fara da na Ingilishi.

Ido: jarida ɗaya, labari ɗaya a rana. Kada ya tsaya a kowace kalma yana buɗe ƙamus. Ya karanta har ƙarshe, ya faɗi abin da labarin ya ƙunsa a jimla biyu, sannan ya zaɓi kalma biyar ya rubuta a ɗan littafinsa, kowace da jimlar da ta zo a ciki.

Hannu: rubutu biyu a mako, da agogo, ya ƙirga kalmominsa, kuma ya sami malamin da zai yi masa gyara da jan biro. Rubutun da ba wanda ya duba, kuskure kawai yake ƙarfafawa. Kada ya haddace rubutun wani ya je ya juye, masu dubawa sun san wannan kuma suna rage maki a kansa.

Baki: ya nemi aboki ɗaya wanda ba ya jin Hausa, a aji ko a maƙwabta. In zai sayi abu, ya yi cinikin da Ingilishi ko da mai shagon zai yi dariya. Mu ƴan kasuwa mun san dariya ba ta kashe ciniki, shiru ne yake kashe shi.

Wata ɗaya kafin jarrabawa, kowane mako ya yi gwaji cikakke a zama ɗaya, ba waya, ba tashi. Mutane da yawa ba rashin sani yake kayar da su ba, lokaci ne yake ƙare musu.

Abu na biyar aikina ne kai tsaye, wato takardu. Sunayenmu a fasfo da rubutun Faransanci suke: Mahamadou, Ousmane, Abdoulaye. Yaro in ya je Najeriya, mai cike masa fom sai ya rubuta Muhammad, Usman, Abdullahi, don haka ya saba. A wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen kwamfuta mutum biyu ne. Takardar shaidar da aka yi rajista da ita, ita za a nuna ranar jarrabawa, kuma in suna ko ranar haihuwa suka saɓa ana iya hana shi shiga. Ko ya shiga ya ci, ranar neman biza sakamakon ba zai yi daidai da fasfo ba. Ku sa yaro ya cike fom da fasfonsa a buɗe a gabansa, harafi bayan harafi. A duba kuma kada fasfon ya mutu kafin ranar. Wanda yake so, ya kawo ofis mu duba tare kafin a tura, ba a biyan komai.

Abu na shida gargaɗi ne. Akwai masu turo saƙo a WhatsApp da Facebook suna cewa za su samar da sakamako ba tare da an zauna jarrabawa ba, ko suna da tambayoyin kafin ranar. Iyayena, waɗannan ƴan damfara ne. Jami'o'i da ofisoshin jakadanci ba takardar hannunka suke dogara da ita ba, suna duba lambarka a rumbun masu jarrabawar ta intanet. Takardar jabu in an gano ta, an rufe wa yaro ƙofa, an ɓata sunan gidansu. Ko ba a gano ba, zai zauna a aji bai jin abin da malami yake faɗa, kuɗin makaranta suna tafiya. Mun san hukuncin algus a mudu, to wannan ma algus ne.

Yanzu maganata da iyaye. In kun tura yaro ya shirya jarrabawa, ku bar shi ya shirya. Ba zai yiwu ya kwana yana jiran mota a Jibiya, da safe ya bi bashi a Singa, da yamma ya lissafa buhu, sannan a ce me ya sa ya faɗi ba. Ku zaɓi ɗaya na ɗan lokaci. Ku riƙa tambayarsa maki nawa ya samu a gwajin wannan makon, ko ba ku iya Ingilishi ba kun iya lissafi, kun san 20 ta fi 15. In ya faɗi karon farko kuma, a duba wane kashi ne ya ja shi ƙasa a gyara shi, ana sake zama. Hajiyoyi, wannan magana har da ƴaƴanmu mata. Da yawa a cikinku ƴaƴanku mata ne suke riƙe muku littafin lissafi, su suke amsa saƙon masu kaya. Yarinyar da ta iya wannan za ta iya jarrabawa in an ba ta lokaci da malami.

A ƙarshe ina miƙa wa shugaba da kwamiti shawara uku, in sun ga ya dace. Ta farko, zauren ofishinmu a rufe yake bayan la'asar, a nemo malamin Ingilishi daga ɗaya daga cikin makarantun garin nan ya riƙa koyarwa kwana uku a mako, masu yara su haɗa kuɗinsa, don yaro ya ƙetare iyaka da guzurinsa. Ta biyu, a sayi littattafan tsofaffin tambayoyi da ƙamus da ƴar na'urar saurare a ajiye a ofis, a riƙa aro ana rubuta suna. Ta uku, wakilanmu na Kano da Katsina da Akara da Kumasi su rubuto mana makarantun da suka gani da idonsu, da kuɗinsu, da takardar da suke bayarwa, mu ajiye a fayil ɗaya, kowane uba ya duba kafin ya tura kuɗi. Wanda yake da yaro a wannan hali ya tsaya bayan addu'a ya ba ni suna, in san yawansu kafin zaman kwamiti mai zuwa.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai, ya jiƙan waɗanda suka kafa ta suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya buɗe wa yaranmu ƙwaƙwalwa, ya ba su ilimi mai amfani.